Ku daina ba mutane shawarar gem ba ku tambaye su da wa za su buga ba

Zare 🧵 Mai tsawo ne, ku gyara zama.

Jiya wani bawan Allah ya yi tambaya a nan. Wata uku da aurensa, yana neman gem ɗin da za su riƙa bugawa shi da amaryarsa bayan isha'i, da kuma wanda zai buga shi kaɗai in ta yi barci. Tambaya mai kyau, ta mutumin kirki. Na leƙa kwament in ga me za a ce masa. Wallahi sai da raina ya ɓaci.

Wannan ya ce Elden Ring. Wancan ya ce Call of Duty. Wani ya ce "FIFA kawai, an gama magana." Wani kuma da yake jin kansa ɗan boko ya ce Monopoly da Catan. Duk cikinsu babu wanda ya tambaye shi ko amaryar ta taɓa riƙe hannun gem. Babu wanda ya ce masa awa nawa kuke samun wuta a unguwarku, ko da waya za ku buga, ko da PS.

Ba shawara kuka ba shi ba jama'a. Baje kolin kanku kuka yi, don a san ku ma kun san gem.

Abin ya tsaya min a rai ne saboda ni ma an taɓa yi min irin haka, na bi, kuma na ɗanɗana kuɗata.

Farkon aurenmu na sayo hannu na biyu, na kunna wasan ƙwallon da nake bugawa tun ina ƙaramar sakandare a gidan gem na bakin layinmu, na miƙa wa madam. Ita ko maɓallin da ake ba da fasin ba ta sani ba. Na ci ta bakwai da nema. Har da tashi ina zagaya falo ina murna, kamar wanda ya ɗauko kofin duniya.

Ta ajiye hannun a hankali ta ce, "Yallaɓai, Allah Ya ƙara basira." Ta shige ɗaki.

Wata shida ba ta sake taɓa shi ba. Ina kunnawa za ta ɗauki wayarta. Falo ɗaya, kujera ɗaya, kowa da duniyarsa. Abin da na kashe kuɗi na saya don ya haɗa mu hira shi ya cinye mana hirar. Dara ta ci gida.

Tun daga nan ma'auni ɗaya nake ɗora wa duk wasan mutum biyu: wanda aka ci, zai ce "mu sake" da bakinsa? In ba zai ce ba, ko duniya ta taru ta ba gem ɗin lambar yabo, a gidanka bai ci jarrabawa ba.

Kar 'yan ƙwallo su taso min. Ban ce wasan ba shi da daɗi ba. Ni da abokina da muka taso tare mukan kwana a kansa, yau ya ci ni gobe na rama. Amma daɗin yana zuwa ne daga cewa hannunmu ɗaya. Ka haɗa mai shekara goma sha biyar yana bugawa da wadda yau ta fara, ba wasa kuke yi ba, duka kake yi.

Na harbe-harbe ma ya fi muni. Mu da muka saba mun manta cewa tafiya da babban yatsan hagu, juya kyamara da na dama, a lokaci guda, abu ne da muka koya kamar keke. Sabon shiga zai yi rabin awa yana kallon sama ko ƙasa, ana harbinsa bai ma ga mai harbin ba. Kai kuma kana gefe kana "juya mana! juya!" Wa zai dawo wa wannan wulaƙanci?

To me ya kamata a ce wa angon?

In yana da PS ko kwamfuta mai ɗan ƙarfi, amsar farko It Takes Two ce. Kamfanin Hazelight na Suwidin ne ya yi shi, ƙarƙashin Josef Fares wanda asalinsa daraktan fim ne. Ya fito a 2021, kuma shi ya ci gem na shekara a The Game Awards. Amma ba lambar ce ta sa nake faɗarsa ba. Dalilina shi ne mutum ɗaya ba zai iya buga shi ba ko da ya so. An gina shi ne tun daga tushe don mutum biyu.

Allon talabijin a rabe yake gida biyu. Kowa da kayan aikinsa daban. A farko-farko ɗaya na riƙe da kan guduma, ɗayan na jifa da ƙusoshi. In bai kafa mata ƙusa a bango ba, ba ta da abin maƙalewa ta tsallaka. In ba ta tsallaka ta buɗe hanya ba, shi ma yana nan a tsaye. Gwanintarka ba ta isa ta fitar da kai kai kaɗai ba, dole ka jira ta, dole ka yi mata bayani cikin mutunci. In ta faɗa rami kuma nan take take dawowa, babu wani horo mai tsanani.

Sai dai in faɗa maka gaskiya ango: labarin na miji da mata ne da ke shirin rabuwa, suka rikiɗe suka koma 'yar tsana. Ka shirya amsa tambayar "me ya sa wannan ka zaɓo mana?" 😅 Akwai kuma wani wuri da wata 'yar giwa ta wasan yara. Ba zan ɓata muku ba. Madam dai ta yi minti goma ba ta yi min magana ba, alhali tare muka aikata.

Overcooked kuwa, da kowa ke jefa wa ma'aurata, ku riƙa haɗa shi da gargaɗi. Gem ne na 'yan Ingila, ya fito a 2016. Kuna kicin ku biyu, ana ta aiko odar abinci, agogo na tafiya. Maɓallansa kaɗan ne, babu juya kyamara, don haka sabon shiga zai kama da wuri. Nan ya yi kyau. Amma an tsara kicin ɗin ne da gangan don ku yi ta karo da juna, tukunya ta kama da wuta, kwanuka su taru ba a wanke ba. In kai mai saurin ɗaga murya ne, a daren farko za ta san wanda ta aura. Masu dariya in abu ya lalace, nasu ne. Masu neman wanda za su ɗora wa laifi, su bar shi.

Yanzu mu dawo kan ɗan bokon nan mai Monopoly da Catan.

Malam, Catan a jikin kwalinsa an rubuta mutum 3 zuwa 4. A rubuce yake, ba sai an yi bincike ba. Klaus Teuber, Bajamushe, ya fitar da shi a 1995, kuma ransa gaba ɗaya ciniki ne: ba ni itace in ba ka tumaki, in ka ƙi in juya wa na kusa da kai. Ku biyu kaɗai, wa za ka juya wa? Ka ba sabon ango wasan da sai ya gayyato maƙwabci cikin dare?

Monopoly kuma labarinsa ma abin dariya ne. Tushensa wasan wata Ba'amurkiya ne, Lizzie Magie, wadda ta yi masa rajista a 1904 da sunan The Landlord's Game, don ta nuna wa mutane yadda mallake filaye ke azurta mutum ɗaya ya tsiyata saura. Wato ɗacin da kake ji in ana tatsar ka kuɗin haya ba kuskure ba ne, shi ne darasin. Kamfanin Parker Brothers ya fara sayar da shi a matsayin Monopoly a 1935. Ku biyu, tun da wuri ake gane wanda zai ci, sannan a yi ta jan wanda aka kayar a ƙasa har dare ya raba. Wanda aka ci ba "mu sake" yake cewa ba. "Don Allah mu bari" yake cewa.

Ga wata dabara kyauta. Akwai shafin BoardGameGeek, inda masu wasannin kan tebur, ko in ce na kan tabarma, suke taruwa. Kowane wasa da ka buɗe, akwai wurin da waɗanda suka buga shi suka jefa ƙuri'a kan mutum nawa ya fi daɗi da su, da kuma makin nauyinsa daga 1 zuwa 5. Waɗannan biyun ka duba. Jerin "mafi kyau" na shafin kuwa ka yi hattara da shi, don masu jefa ƙuri'ar mutane ne da ke da kabad cike da kwalaye. Irin su Brass: Birmingham ne ke hawa can sama, wasan da bayanin ƙa'idarsa kaɗai zai sa amarya hamma.

Wanda ya gyara ɓarnar da na yi a gidana shi ne Jaipur. Bari in ɗan daɗe a kansa, don ya cancanta.

Wasan kati ne na mutum biyu kacal, Sébastien Pauchon ya ƙirƙiro shi a 2009. Ku 'yan kasuwa ne biyu a birnin Jaipur na Indiya. Kati biyar ne a shimfiɗe a tsakiya, su ne kasuwa: lu'ulu'u, zinare, azurfa, yadi, kayan yaji, fata, da raƙuma. In layi ya zo kanka abu ɗaya za ka yi, ko ka ɗauka ko ka sayar. Ba ka riƙe kaya fiye da bakwai a hannu.

Ga inda gishirin yake. Wanda ya fara sayar da wani kaya shi ke samun farashi mai tsoka, na baya ya tarar ya faɗi. Amma wanda ya haƙura ya tara uku, huɗu ko biyar ya sayar a tashi ɗaya yana da ƙarin lada. To ka sayar yanzu da tsada, ko ka jira ka tara, abokin hamayya ya riga ka ya karya farashi? Raƙuman kuma ba a sayar da su, amma da su kake musaya, kuma in ka kwashe su ka buɗe wa ɗayan sababbin kaya a kasuwa.

Duk wanda ya taɓa zama shagon babansa a Kantin Kwari ko Sabon Gari ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Madam 'yar gidan 'yan kasuwa ce. A zama na biyu ta ci ni, kuma ba bar mata na yi ba. Na ga fuskarta a ranar. Ita ta ce mu sake.

Ku lura da abin da ya faru. Ba wai ta fi ni wayo rana ɗaya ba ne. Wasan yana da dabara, amma yana da sa'a a ciki, don ba ka san katin da zai fito ba. Wannan sa'ar da 'yan "ni sai wasan ƙwaƙwalwa" suke rainawa, ita ce rahamar da ke sa mai rauni ya ci lokaci-lokaci, ya ji yana da dalilin dawowa.

Shi ya sa ba na son in ji ana yi wa lido da Whot kallon wasan marasa aikin yi. Whot ɗin nan a Ingila aka ƙirƙiro shi a 1935, amma mu muka riƙe shi har ya zama kamar namu. Lido kuma jikan wasan Pachisi ne na Indiya. Me ya sa suka daɗe a gidajenmu? Saboda yaro ɗan firamare zai iya cin yayansa na jami'a, a yi dariya, a sake rabawa. Matsalarsu ɗaya ce: ku biyu kullum, bayan sati biyu za ku ga babu wani sabon abu da za ku gano. A nan irin su Jaipur suka fi su.

Patchwork ma yana nan, na Uwe Rosenberg, 2014. Kowa da allonsa mai gida tara sau tara, kuna sayen guntayen yadi irin na shagon tela kuna jerawa, maɓallan riga ne kuɗin. Duk gidan da ka bari babu komai a ƙarshe za a cire maka maki biyu. Wasa ne mai sanyi, babu faɗa, rabin awa an gama. Na daren da kowa ya gaji ne.

Hive kuma na masu son a gwabza ne. John Yianni, 2001. Babu allo, babu kati, babu sa'a. Ƙwari ne a jikin 'ya'ya masu kusurwa shida: tururuwa ta zagaya duk inda ta so ta gefe, fara ta yi tsalle, buzuzu ya hau kan wani ya danne shi, kowa na ƙoƙarin zagaye sarauniyar zumar ɗan'uwansa. A tsakar gida kan tabarma za ku buga, iska ba ta kwashe muku komai. Amma tunda babu sa'a, gargaɗina na ɗazu ya hau kansa: ku fara koyonsa rana ɗaya, kar ka je ka ƙware a ɓoye ka dawo kana cin mutane.

Wani zai ce to a ba su wasan haɗin kai mana, wanda ko a ci tare ko a faɗi tare. Haka ne, amma da sharaɗi. Ɗauki Pandemic na Matt Leacock, 2008, inda kuke yaƙi da annoba a taswirar duniya, har Legas na ciki. Wasa ne mai kyau. Cutarsa ita ce mai baki. Wanda ya fi sanin wasan sai ya koma yana cewa "je ki can, ajiye wannan katin, a'a ba haka ba." Ƙarshe shi kaɗai yake bugawa, ita ta zama mai tura masa 'ya'ya.

Sky Team na Luc Rémond, wanda ya ci babbar lambar wasanni ta Jamus, Spiel des Jahres, a 2024, ya yi maganin mai baki da ƙa'ida ɗaya tak. Ɗaya matuƙin jirgi, ɗaya mataimaki, kuna son ku sauke jirgi lafiya. Kuna iya shawara kafin a jefa 'ya'yan lido. Da zarar an jefa, kowa ya ɓoye nasa, kuma an haramta magana. Dole ka yarda da hankalin abokin tafiyarka. Maza da yawa a nan za su fara sanin ashe za su iya yin shiru.

Na san akwai waɗanda ba sa taɓa duk wasan da ake jefa ɗan lido a cikinsa saboda abin da suka ji daga malamansu. Ban zo jayayya da kowa ba. Sky Team yana da shi. Jaipur, Patchwork da Hive ba su da shi. Wannan ma yana cikin abin da mai ba da shawara ya kamata ya tambaya kafin ya buɗe baki.

Na ga an fara shigowa ana cewa "duk waɗannan da dala ake saye." Gaskiyarku. In ka haɗa farashi da kuɗin kawowa, kwali ɗaya zai iya sa ka sake tunani. Wasu cikinsu suna da manhajar waya mai rahusa, kuma shafin Board Game Arena yana barin ka gwada wasanni da yawa a burauza kafin ka kashe ko sisi. Gwada tukuna. Kar ka sayi abin da ba ku ɗanɗana ba ku biyun.

In kuma aljihu babu nauyi, ku bari in tuna muku da abin da muka tsallake a ƙofar gida muna neman na Turawa. Dara.

Rami talatin a ƙasa, biyar sau shida. Kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan tsakuwa wancan tsinke. Da farko ana zuba su ɗaya bayan ɗaya. In an gama zubi sai a fara matsawa, gida ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Ka jera uku a layi, ka cire ɗan abokin wasanka ɗaya. Ƙa'idar takan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, har Zabarmawan Nijar suna da tasu da suke kira dili.

Mai kallo zai ɗauka a matsawa ake cin wasan. A zubi ake cinsa. Tsohon da ya iya yakan shirya 'ya'yansa ta yadda ɗa guda zai riƙa kai-komo tsakanin layi biyu, ya je ya cika uku ya ci, ya dawo ya cika uku ya ci, kai kana zaune kana kallon gidanka yana ƙarewa. Wasan mutum biyu ne tsantsa, ba wuta, ba data, ba caji. Mun bar wa tsofaffin gindin bishiya, muna can muna tambayar 'yan YouTube me za mu buga.

Amma ba zan yi masa son kai ba. Dara da ces duk suna faɗuwa a ma'aunina in tazarar hannu ta yi yawa. Maganin shi ne gwani ya rage wa kansa ƙarfi a fili, ya fara da 'ya'ya goma, ko a ces ya cire sarauniyarsa tun farko. Wannan ya fi ka riƙa yin kuskuren ƙarya. Ana ganewa, kuma ya fi cin bakwai da nema ciwo.

To, saura rabin tambayar angon: wanda zai buga shi kaɗai.

Nan ma'aunin ya canza. Tambayar ita ce, gem ɗin zai bar ka ka tashi?

Elden Ring gem ne na gaske, 'yan FromSoftware na Japan sun yi aiki, shi ya ci gem na shekara a 2022. Ni ma na zuba masa sa'o'i. Amma ba shi da maɓallin dakatarwa irin na sauran gem. Kana tsakiyar faɗa da bos aka kira sallah, ko Umma ta kira waya, ko aka buga ƙofa, sai dai ka zaɓa. Kuma kafin ka ga ƙarshensa ka tanadi fiye da awa hamsin, mafi yawansu ana kashe ka. Mutumin da ya dawo daga kasuwa a gajiye yana da awa ɗaya kafin barci, wannan za ka ba shi?

Na onlayin kuma ba a magana. Ba a dakatar da su, in netwok ya yi tari an kashe ka, in aka ɗauke wuta abokan wasanka su zage ka. Ga girma. A 2020 Call of Duty: Modern Warfare haɗe da Warzone sai da ya haura GB 200 a kwamfuta. Masu rubuta jerin "gem goma da dole ka buga" suna zaune ne inda ba a ƙirga data. Kai da ke sayen ta da awo, lissafinka daban.

Shi ya sa ga mai wasa shi kaɗai a irin yanayinmu, na'urar da ke da batir a jikinta ta fi wadda ke jiran soket. Waya, laftof, Switch. An ɗauke wuta, kai ko a jikinka.

Stardew Valley nake fara faɗa. Mutum ɗaya ne ya yi shi, Eric Barone, shi ya zana, shi ya yi kiɗan, shi ya rubuta komai, sama da shekara huɗu, ya fito a 2016. Ka gaji gonar kakanka da ta zama kufai, kana shuka, kana kiwo, kana kamun kifi. Yana kan waya, ba ya buƙatar intanet bayan ka sauke, kuma rana ɗaya a cikinsa ba ta kai kwata ɗin awa ba. Ka buga rana biyu ka ajiye. Haɗarinsa kawai "bari in ƙara rana ɗaya." E, na san abin dariya ne ɗan manomi ya gudo birni ya zo yana noma a waya. Ku ƙyale ni.

Mai son wahala kuma, Hollow Knight na Team Cherry, 'yan tsirarun mutane a Ostireliya, 2017. Yana da zafi, amma ana dakatar da shi, ba shi da nauyi, kuma farashinsa bai kama ƙafar na manyan gem ba.

Yanzu abin da ya fi ƙona min rai: kalmar "kyauta ne."

Ƙanina ya taɓa zuwa min da fuska a murtuke, "Yaya, ka taimaka min da kuɗin handawut." Da na matsa, ashe na farkon da aka ba shi ya tafi a buɗe fakitin 'yan wasa a wani gem na waya da ya sauke kyauta. Ka biya kuɗi, a buɗe maka abin da ba ka sani ba, wataƙila gwarzo wataƙila shara. Bai ma ɗauke shi a matsayin wani abu ba. Cewa ya yi saura kaɗan ya samu.

"Saura kaɗan." Duk wanda ya san mai caca ya san wannan maganar.

Ba ni kaɗai na ga haka ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi caca ne, har EA ta daina sayar da FIFA Points a ƙasar a farkon 2019. Ga kuma abin mamaki. Balatro, gem ɗin kati da mutum ɗaya ya yi a Kanada, ya fito a 2024, sau ɗaya ake sayensa, babu inda za ka ƙara zuba kuɗi a ciki. Hukumar PEGI ta Turai ta maƙala masa shekara 18 saboda yana kama da karta, a daidai lokacin da wasan ƙwallon EA mai sayar da fakiti yake ɗauke da shekara 3. Sai a 2025 aka sauke Balatro zuwa 12. Wanda ya yi kama da caca aka kama, mai karɓar kuɗin yana wucewa.

Don haka in za ka ba wani shawarar gem na kyauta, faɗa masa ta ina masu shi suke cin abinci. In ba ka sani ba, ba ka gama sanin gem ɗin ba.

Kyauta ta gaskiya akwai ta. Lichess, wanda wani Bafaranshe, Thibault Duplessis, ya fara a 2010, babu talla, babu sayen komai, ga wasan ces ga dubban matsaloli da za ka yi ta warwarewa kai kaɗai. In kana ganin ces ba namu ba ne, tuna Tunde Onakoya da ya zauna a Times Square a 2024 ya yi awa 60 yana bugawa, ya koma a 2025 ya yi 64.

Akwai ma wasannin kan tebur na mutum ɗaya, irin su Friday na Friedemann Friese, 2011, inda kake taimakon Robinson Crusoe ya rayu a tsibiri da 'yan katunanka. Ranar da aka leƙo aka gan ni ni kaɗai ina raba kati ina tsaki, sai da aka tambayi madam ko lafiyata ƙalau. Lafiya lau. Ido ne ya gaji da haske.

Masu cewa "duk ɓata lokaci ne, ku nemi sana'a," na gan ku. Ku duba a wayarku awa nawa kuka yi a TikTok jiya, sannan ku dawo mu yi magana.

Ango, in kana karantawa: kar ka sayi komai tukuna. Yau da daddare ka ɗauko Whot ɗin da ke cikin durowa, ku buga, ka lura da ita. In gasa take so, tana cin ka tana tsokana, nemo Jaipur. In ta fi son ku yi abu tare, It Takes Two, ka ba ta lokaci ta saba da kyamara, ka kama bakinka. Naka na kai kaɗai kuma, Stardew a waya ya ishe ka zuwa bayan sallah. Wasan ƙwallon ka ajiye wa abokanka.

Mu namu lissafin a bayan kalanda muke rubuta shi. Wannan watan tana gabana da huɗu. Ga shi can ta riga ta jera raƙuma uku a kasuwa tana kirana, wai in ajiye wayar nan in zo in karɓi rabona.